SAUƘIN AMFANI DA AL'ADA A DANDALIN KARATU TA INTANET: BAYANI GAME DA ƊALIBAN JAMI'A A NIJAR

0. Gabatarwa

A ranar 20 ga watan Maris na shekarar 2020 gwamnatin Nijar ta rufe makarantun ƙasa baki ɗaya, tun daga na firamare har zuwa jami'o'i, saboda annobar korona. Ba a sake buɗe su ba sai ranar 1 ga watan Yuni. A cikin waɗannan makonni goma magana ɗaya ce ta cika bakin masu tsara ilimi, a nan da sauran ƙasashe: a mayar da karatu kan intanet. Annoba ta wuce, amma maganar tana nan, domin yawan ɗalibai ya fi ƙarfin ɗakunan karatu. Jami'ar Yamai, wadda ta soma a matsayin cibiyar ilimi mai zurfi a 1971 ta zama jami'a a 1973, ta daɗe ita kaɗai ce ta gwamnati. A 2010 aka kafa na Maraɗi, Tawa da Damagaram, a 2014 kuma na Agadas, Difa, Doso da Tilaberi.

Abin da muke kira dandalin karatu shi ne wani tsari da ake ɗorawa a kan intanet, inda malami ke ajiye darussa, ɗalibi ya shiga da sunansa da kalmar sirri, ya karanta, ya yi tambaya, ya miƙa aikinsa, ya ga makinsa. A cikin wannan bayani za mu duba abin da ke sa irin wannan dandali ya yi sauƙi ko ya yi wuya a hannun ɗalibi. Ra'ayinmu shi ne sauƙin amfani ba a cikin na'ura kaɗai yake ba: ana samunsa ne inda na'ura ta haɗu da wayar ɗalibi, da harshensa, da irin tarbiyyar da ya taso da ita. Ke nan akwai babban rabo na aikin da ya faɗo kan masana harshe da masu tsara yaƙi da jahilci.

1. Abin da aka riga aka gwada

Koyarwa daga nesa ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan. A shekarar 1962 aka kafa ƙungiyar kulob-kulob na masu sauraron rediyo. Mutanen gari su taru su saurari shiri, jagoran kulob ya buɗe muhawara da harshensu, ya ɗauki muryoyinsu a rakoda, a aika Yamai, a saka cikin wani shiri, kowa ya ji ra'ayinsa ya fito. Bayan shekara biyu, a 1964, aka soma talabijin ta makaranta da taimakon Faransa. Daga Yamai ake watsa darussa da Faransanci, a kowane aji kuwa akwai mai kula da yara, wanda karatunsa bai wuce na firamare ba, an dai yi masa ɗan horo. Masu bincike na waje sun yaba da yadda yaran suka saki baki suna magana. Duk da haka shirin bai game ƙasa ba, kuma ya tsaya a ƙarshen shekarun 1970.

Abu biyu ya kamata mu riƙe daga nan. Na farko, a duka shirye-shiryen biyu akwai mutum tsakanin na'ura da mai koyo, kuma a taro ake koyon, ba a kaɗaice ba. Na biyu, rediyo ta yi magana da harsunan jama'a, ta kuma buɗe musu hanyar mayar da amsa.

Da intanet ta zo, an sake cin karo da darasi na farko. Bankin Duniya ya ƙaddamar da Jami'ar Afirka ta Intanet a 1997, kuma a cibiyoyin da aka buɗe cikin jami'o'i ne ɗalibai ke taruwa su bi darussa. Ƙasar Senegal, da ta kafa tata jami'ar ta intanet a 2013, sai da ta gina zaurukan karatu a garuruwa, inda ɗalibi zai sami kwamfuta, da intanet, da wanda zai tambaya.

Dandalin da jami'o'i da yawa na duniya suka ɗauka shi ne Moodle, wanda Martin Dougiamas, mutumin Ostareliya, ya fitar a 2002. Kyauta ne, kowa na iya fassara shi ko ya gyara shi. Amma an gina shi a kan wani ra'ayi na koyarwa: cewa ɗalibai su ne ke gina saninsu ta hanyar muhawara a fili, kowa ya rubuta ra'ayinsa, ya soki na ɗan'uwansa. Wannan ra'ayi yana nan cikin ginin dandalin, ko da wane harshe aka fassara shi.

2. Me ake nufi da sauƙin amfani?

Hukumar daidaita ma'auni ta duniya, cikin ƙa'idarta mai lamba ISO 9241-11 ta shekarar 1998, ta tsayar da ma'auni uku:

(a) cim ma buƙata: shin mutum ya gama abin da ya zo yi?
(b) abin da ya ci masa: lokaci nawa, ƙoƙari nawa, kuɗi nawa?
(c) gamsuwa: ya tashi da daɗin rai ko da takaici?

Ƙa'idar ta ƙara da cewa ana auna waɗannan ne ga wasu mutane takamaimai, masu wata buƙata takamaimiya, a cikin wani hali takamaimai. Jakob Nielsen, a littafinsa na 1993, ya rarrabe batun gida biyar: saurin koyo, saurin aiki bayan an koya, tunawa bayan an daɗe ba a taɓa ba, ƙarancin kuskure, da gamsuwa.

Manomi ya san wannan tun ba a rubuta ba. Hauyar tsaye tana cin ƙasa a jigawa, a tafi da sauri ba a duƙa ba. A kai ta fadama mai laka, sai ta gagara, a nemi galma. Ba a cewa wannan ta fi waccan sai an faɗi gonar. Haka dandalin da aka yaba a Faransa ko Kanada: yabon gaskiya ne a can, amma bai zama shaida a Tawa ba.

3. Kayan da ke hannun ɗalibi

Mai tsara dandali yakan zauna gaban kwamfuta mai faɗin fuska, wuta ba ta ɗaukewa, intanet ba ta yankewa. Ɗalibi kuwa galibi wayar salula ce a hannunsa, wani lokaci ma ta aro. Fuskarta ba ta fi tafin hannu ba, rezo yana zuwa yana tafiya, kuma kowane mega da kuɗinsa ya saya. Alƙaluman Bankin Duniya na farkon shekarun 2020 sun nuna kimanin mutum 1 cikin 5 ne ke da wutar lantarki a Nijar. A watan Agusta na 2023, da Najeriya ta yanke wutar da take turowa, wadda ita ce mafi yawan abin da ƙasar ke amfani da shi a lokacin, manyan birane ma sun sha duhu, har zuwa watan Maris na 2024 da aka mayar da ita.

Lissafi kaɗan ya isa ya nuna nauyin zaɓin malami. A ɗauki darasin awa ɗaya. In bidiyo ne mai gudun megabit 1 a daƙiƙa, zai ci megabait 450. In murya ce kaɗai mai gudun kilobit 16 a daƙiƙa, megabait 7 ne da ɗan ɗori. In kuwa rubuta shi aka yi, kalmomi 8,000 ba su wuce kilobait 50 ba. Watau bidiyo ya ninka murya fiye da sau 60, ya ninka rubutu kusan sau 9,000. Malamin da ya ɗora bidiyo kaɗai ya riga ya tace ɗalibansa bisa ga aljihunsu tun kafin jarrabawa.

Ma'auni na (b) da muka ambata yana da ma'ana ta musamman a nan. Shafin da ke buɗe hotuna goma kafin ya nuna darasi, ko jarrabawar da ke gogewa in rezo ya yanke a tsakiya, asara ce ta kuɗi da ta maki. Manhajar Moodle ta waya tana barin ɗalibi ya sauke darasi ya karanta ba tare da intanet ba. Sai dai a nuna masa, a kuma shirya darussan yadda za su saukewu.

4. Harshe da rubutu

4.1. Baƙunta biyu

Ɗalibin da ya ci bakaloreya ya iya Faransanci, amma Faransancin aji ne, na nahawu da adabi da lissafi. Faransancin da ke kan maɓallan dandali wani iri ne dabam, mafi yawansa ma fassara ce daga Ingilishi. Ga kuma alamomin da ake zanawa a maimakon kalmomi: jakar takardun ofis, ambulan, gilashin ƙara girman abu, da faifan ajiya wanda aka daina amfani da shi tun kafin ɗaliban yau su shiga makaranta. Duk daga ofishin Turai da Amurka aka ɗauko su. Ɗalibi na fama da baƙon darasi, ga kuma baƙuwar ƙofa da sai ya bi ta kafin ya kai ga darasin.

Ana iya cewa tun da da Faransanci ake koyarwa, fassara maɓallai aikin banza ne. Amsarmu ita ce harshen darasi dabam, harshen umarni da taimako dabam. Ɗalibai da kansu, in ɗaya ya rikice, da Hausa ko Zabarmanci ɗan'uwansa ke fitar da shi. Abdu Mumuni, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa tun 1992, ya yi kira tun a littafinsa na 1964 kan ilimi a Afirka da a ba harsunan gida matsayinsu a makaranta, kuma an buɗe makarantar gwaji ta farko mai Hausa da Faransanci a Damagaram a 1973. Kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya tsayar da Hausa a matsayin harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci kuma harsunan aiki. Ke nan tambayar ta tashi daga ko za a yi, ta koma yaya za a yi da kyau.

4.2. Kalmomin umarni

Akwai wuraren da Hausa ta fi Faransanci fayyace abu. Kalmar télécharger tana iya nufin ɗauko takarda daga dandali zuwa waya, tana kuma iya nufin kai ta daga waya zuwa dandali. Hausa tana da sauke da ɗora, babu mai rikita su. Har wa yau, tsarin aikatau na Hausa, wanda F. W. Parsons ya kasa aji bakwai a 1960, yana nuna inda aiki ya nufa: aji na 6, mai ƙarewa da -o, yana jawo aiki wajen mai magana.

aika / aiko
tura / turo
fita / fito
koma / komo

Malami ya turo aiki, ɗalibi ya tura amsa. Amma wannan baiwa tana tafe da sharaɗi: dole mai fassara ya tsayar da wanda ke magana. In dandali ne ke magana, zai ce turo aikinka. In ɗalibi ne ke ba na'ura umarni, maɓallin zai ce tura. A zaɓi ɗaya a bi shi daga farko har ƙarshe.

Wani wuri mai haɗari shi ne bambancin ajiye da miƙa. A Moodle malami na iya tsara aiki yadda abin da ɗalibi ya ɗora zai zauna a matsayin daftari, sai ya sake danna wani maɓalli kafin a lissafa shi cikin waɗanda suka miƙa. Wanda bai gane ba zai tafi da zaton ya gama, wa'adi ya wuce. Jimla ɗaya ta Hausa mai haske, kamar "An ajiye, amma ba a miƙa wa malami ba tukuna", ta isa ta tsare shekarar karatun wani.

4.3. Ka, ki, ku ko a?

Ingilishi ba ya bambanta namiji da mace a mutum na biyu, Faransanci kuma yana fakewa da vous ko da sigar aikatau marar lamiri. Hausa dole ta zaɓa. Ka shigar da sunanka ya bar mata a waje. Ka/ki da sunanka/ki suna cika ƙaramar fuskar waya, suna kuma nauyi a ido. Ku yana da ladabi, amma yakan sa a ɗauka da jama'a ake. Shawararmu ita ce a yi amfani da sigar umarni tsura a kan maɓallai (shiga, fita, sauke, tura), domin gajera ce kuma ba ta da jinsi. A cikin jimlolin bayani kuwa a yi amfani da lamirin a (a shigar da suna, a sake gwadawa), wanda shi ne muryar sanarwa da ta ladabi a Hausa. Saƙon kuskure ma haka: an sami kuskure ya fi ka yi kuskure, domin na biyun zargi ne.

4.4. Haruffa masu ƙugiya

Tun taron Bamako na 1966, da UNESCO ta kira, har zuwa dokar ma'aikatar ilimi ta 1999 da ta tsayar da ƙa'idojin rubutun Hausa a Nijar, haruffan ɓ, ɗ da ƙ suna cikin abacada. Tsarin Unicode ya ba su lambobi, har da ƴ, tun farkon shekarun 1990. Matsalar tana wajen madannai: na Faransanci, mai soma wa da AZERTY, ba shi da su, kuma mai waya sai ya san yadda zai ƙara madannan Hausa. Abin da ke biyo baya shi ne:

(a) ma'ana na rikicewa: ƙasa da kasa, ƙara da kara, ɓata da bata;
(b) bincike na kuskurewa: wanda ya rubuta kasa ba lalle ya sami darasin da aka rubuta ƙasa ba;
(c) kalma ɗaya na rabuwa biyu: Nijar na rubuta ƴa, Najeriya na rubuta 'ya, kuma ita waƙafin saman ma tana da lambobi dabam-dabam a kwamfuta;
(d) kuɗi na ƙaruwa: gajeren saƙon waya na ɗaukar haruffa 160, amma da zarar harafi ɗaya mai ƙugiya ya shiga, sai ya koma 70, sanarwa ɗaya ta zama biyu ko uku.

Ga ɗaliban da suka fito daga makarantun Faransanci da Larabci, da na Jami'ar Musulunci ta Say, akwai kuma batun rubutu daga dama zuwa hagu. Unicode ta ƙara siffofin fa, ƙaf da nun irin na rubutun Afirka ta Yamma a 2016, saboda haka ajami ma yana iya shiga dandali in an sa rubutun da ke nuna su.

5. Al'ada

5.1. Gargaɗi

Masu rubutu kan al'ada da na'ura sukan dogara da ma'aunan Geert Hofstede, waɗanda ya fitar a 1980 daga tambayoyin da aka yi wa ma'aikatan kamfanin IBM. Ya kamata mai bincike ya san cewa "Afirka ta Yamma" a wannan aiki Gana ce da Najeriya da Saliyo aka haɗa wuri ɗaya. Nijar ba ta ciki. Lamba ɗaya ba za ta gaya mana bambancin ɗan birnin Yamai da ɗan ƙauyen Dakoro ba. Ya fi amfani mu ɗauki al'adu sanannu ɗaya bayan ɗaya, mu ga inda kowace ke karo da ginin dandali.

5.2. Suna

Karon farko a wurin rijista yake. Takardar na neman sunan yanka da sunan iyali. Bahaushe sunansa yake da shi, sai na mahaifinsa, wani lokaci da na kaka ko na gari ko laƙabi. Wane za a sa a wane gurbi? Ofishin jami'a ya jera ta wata hanya, ɗalibi ya jera ta wata, sai maki ya ɓace tsakanin Musa Abdu da Abdu Musa, ko tsakanin mutum uku masu suna ɗaya. Akwai kuma waɗanda takardar haihuwarsu ta kotu ce, shekara kaɗai ta nuna, ba rana ba wata. Sa'an nan dandali na neman adireshin imel don mayar da kalmar sirri da aka manta, alhali abin da ɗalibi ke riƙe da shi kullum lambar waya ce. Maganin duka ukun ɗaya ne: lambar rijista ta jami'a ta zama ita ce shaida, a haɗa ta da lambar waya.

5.3. Kunya da girman malami

A makarantar allo da ta zaure, almajiri na zuwa gaban malami, ya duƙa, ya karanta, a gyara masa, ya tashi. Ba ya kiran sunan malami, ba ya ja da shi a gaban mutane. Makarantar boko irin ta Faransa, inda malami ke shifta ɗalibai na rubutawa, ba ta rushe wannan ba, ƙarfafa shi ta yi. To, ga dandali ya zo da zauren muhawara, inda tambayar ɗalibi ke fitowa da cikakken sunansa, da hotonsa, da kurakuran Faransancinsa, ta zauna nan kowa na gani har ƙarshen shekara. Maganar baki iska ce, ta wuce. Rubutu kuwa shaida ne. In zauren ya yi tsit, kuskure ne a ce ɗalibai ba su da tambaya ko ba su da himma.

Ga ɗalibai mata nauyin ya fi yawa, musamman matan aure: sa hoto, buɗe kyamara daga cikin ɗaki, ko amsa saƙon malami namiji da dare a wayar da wani ke iya dubawa. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da karatu ke buƙata. Ana iya barin hoto da kyamara ga wanda ya so, a buɗe hanyar tambaya wadda malami kaɗai zai ga mai ita, a kuma yarda wakilin rukuni ya kawo tambaya da sunan kowa, kamar yadda aka saba a aji.

5.4. Baki da taro

Tun da WhatsApp ya kawo saƙon murya a 2013, mai karatu da marar karatu suka same shi daidai da bakinsu: ana gaisawa, a ji muryar juna, a faɗi magana da harshen da aka ga dama. Rukunin aji na WhatsApp ya zama wurin da sanarwa da hotunan darussa ke yawo. Masu tsara dandali kada su ɗauke shi kishiya. Ya kamata su tambayi abin da ya sa ya yi sauƙi. Lambar waya kaɗai yake nema, yana jure raunin rezo, yana karɓar murya, kuma mutanen da ke ciki an san su.

Haka nan karatu a taro. Ɗalibai na haɗuwa su yi bita tare, waya ɗaya a tsakiya, kamar yadda samari ke zama a fada ana shan shayi. Dandali kuwa yana lissafin mutum ɗaya, waya ɗaya, kalmar sirri ɗaya. In mutum biyar suka bi darasi a wayar ɗaya daga cikinsu, rajistar na'ura za ta nuna ɗaya ya yi karatu, huɗu sun yi fashi. Mai binciken da ya dogara da wannan rajista kaɗai zai yanke hukuncin da ba daidai ba.

5.5. Lokaci

A lissafin gargajiya dare na riga yini: daren Juma'a shi ne wanda ke soma wa da faɗuwar ranar Alhamis. Na'ura kuwa da ƙarfe 12 na dare take juya kwana. In aka fassara wa'adi da "daren Juma'a", wasu za su miƙa aiki ran Alhamis, wasu ran Juma'a. A rubuta rana da kwanan wata da awa, a kuma sa wa'adi da rana tsaka, lokacin da za a iya samun mai taimako in abu ya ƙi. Darasin kai tsaye kuma a duba lokutan salla, da watan azumi, da damina, lokacin da ɗalibai da yawa ke komawa gona inda rezo ba shi da ƙarfi.

6. Yadda za a gwada

Duk abin da muka lissafa ana iya auna shi da kuɗi kaɗan. Nielsen ya nuna cewa gwaji da mutum 5 na tono mafi yawan matsalolin da ke cikin tsari, muddin mutanen iri ɗaya ne. In iri-iri ne, sai a ɗauki kaɗan daga kowane. A nan sai a ware maza da mata, ƴan shekarar farko da na ƙarshe, ƴan birni da ƴan karkara. A ba kowa aiki biyar, a kan wayarsa, da rezon unguwarsa: ya yi rijista, ya sauke darasi, ya miƙa aiki, ya yi tambaya, ya duba maki. Mai bincike ya rubuta ko an gama, minti nawa, mega nawa, sau nawa aka nemi taimako.

Hanyar gwajin ita ma al'ada na shafarta. Akwai takardar tambayoyi 10 da John Brooke ya tsara a 1986, wadda ake amfani da ita ko'ina don jin ra'ayin masu amfani. Amma mai kara ba ya kushe abin da aka kawo masa a gaban wanda ya kawo. Zai ce ba laifi, in ya kasa kuma ya ɗora wa kansa. Don haka a fi dogara da abin da hannu ya yi bisa abin da baki ya faɗa. Kada malamin ɗalibi ya zama mai gwajin. Mace ta gwada mata. A zaunar da abokai biyu a kan waya ɗaya, su yi ta shawara da harshensu, a ɗauki maganarsu da izininsu. Wannan faifai riba biyu ne: yana nuna inda aka tuntuɓe, yana kuma ba masanin harshe kalmomin da ɗalibai suka riga suka raɗa wa abubuwan. Daga nan ya kamata ƙamus ɗin kalmomin ya taso, kafin kwamiti ya zauna.

7. Kammalawa

Daga abin da ya gabata muna ba da shawarwari kamar haka:

1. kowane darasi ya kasance da rubutu da murya, bidiyo ya zama ƙari;
2. a tsara ƙaramin ƙamus na kalmomin umarni da saƙonnin kuskure, a gwada shi ga ɗalibai, a daidaita shi da masana na Najeriya don kada Hausar na'ura ta rabu biyu;
3. a sa bincike ya gane kalma ko an rubuta ta da ƙugiya ko babu, a kuma koya wa kowane sabon ɗalibi sa madannan Hausa a wayarsa;
4. a yi rijista da lambar jami'a da ta waya;
5. a tanadi zaure da mai taimako a kowace jami'a, kamar jagoran kulob na rediyo;
6. kada a sayi dandali ko a ɗora shi sai an gwada shi a hannun waɗanda za su yi aiki da shi.

Ɗaliban jami'a su ne suka fi kowa karatu cikin masu riƙe da waya, kuma daga cikinsu ne malaman makarantu da jami'an yaƙi da jahilci za su fito. Hukumar yaƙi da jahilci, tun kafa ta a 1963, da allo da alli da ƴan littattafai ta yi aiki. Waya na shigowa cikin kayan aikinta, ko an shirya ko ba a shirya ba. Maɓallin da ya rikita mai bakaloreya a Maraɗi ba zai yi wa mai koyon abacada a ƙauye sauƙi ba. Kalmomi da ƙa'idojin da aka gyara a jami'a su ne za su sauka zuwa ajin manya, shi ya sa ya dace a soma aikin daga can.